Maganar da Na Faɗa wa Rufaida a Gidan Suna

Tasawa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Aliyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a Agadas. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka. Mu nan lafiya lau, an gama yankan hatsi, ƙafar Iya ma ta yi sauƙi.

Yaya, na kasa kiranka a tarho saboda ba zan iya faɗin wannan da baki ba. Ɗiyarka Rufaida, da ka ba ni riƙo, ba ta gidana. Karatun jinya da take bi ta intanet ne, wannan watan ta ce kuɗinsa ya ƙaru, wai an ɗora masa harajin TVA. Ni ban taɓa jin ana biyan lanhon gwamnati kan abin da ba a riƙe shi a hannu ba, sai na ɗauka ƙari ta yi. Ban bari mun koma gida ba. A gidan suna, gaban mata, na ce ƙarya take, har na ce halin uwarta ta ɗauko. Washegari ta hau kabu-kabu ta tafi ƙauyen Gidan Amumune wajen Iya.

Da maigidana Muniru ya dawo daga Maraɗi na ba shi labari, sai ya ce shi ma an ƙara masa harajin a kuɗin kallon ƙwallo, da tallar takalman da yake sakawa a intanet, ya biya bai ga abin faɗi ba.

Jiya na bi ta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo mani ruwa, na rasa inda zan sa idona. Na ba ta haƙuri, sai ta ce, "Gwaggo, zargin na yafe. Amma Innata tana kabari, me ta yi maki?"

Yaya, marigayiya Safa, innarta, ba ta taɓa yi mani komai ba sai alheri. Jarrabawar yarinyar ta matso, kuma can ba a samun intanet sosai, amma don Allah kar ka tilasta mata dawowa. Ka bari in ci gaba da zuwa da ƙafata. Kai ma ka yafe mani, matarka na taɓa.

Iya tana gaishe ka, da Muniru da Jummai. Ka gaida mani Kawu Ƙadri.

Ƙanwarka,
A'ishatu