Hucin Baban Auta

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙafarki, yaya yara? Mu muna nan, sai haƙuri. Auta ta daina tambayar yaushe babanta zai dawo.

Da na fita takaba na je wurin aikinsa karɓo kayansa. Kin san a ƙarƙashin ƙasa ɗakin yake, inda ake adana tsofaffin takardun fata. Sai da suka sa mini takunkumi da safar hannu. Shugabarsu ta buɗe wani akwati ta nuna mini. Yaya, ɗige-ɗige ne shunayya a kan rubutun, duk inda suka sauka tawada ta zube. Ta ce fumfuna ce da ƙwayoyin da ido ba ya gani, danshi suke so.

Takardun da ya gyara ne kawai suka kamu. Idan fata ta nannaɗe ta ƙi miƙewa, yakan sauke takunkumi ya yi mata huci har ta yi laushi, haka tsoffin wurin suka koya masa. Ta ce tarin da ya yi ajalinsa ma ƙila a nan ya shaƙo shi. Ta roƙe ni in kai musu duk wata fata da ya taɓa kawowa gida, a ƙone.

Ki gaida maigidanki.

Ƙanwarki.

*

Yayata,

Ina fata kuna lafiya. Saƙonki ya iso, na ji faɗan. Na kai musu takalma da bel. Jakarsa ta fata ce ban kai ba.

Kin tuna yadda yake huci a kan marfinta ya goge da hannun riga, kina tsokanarsa wai ya fi lallaɓa ta a kaina? To daidai wurin ɗigon ya fito. Da farko kamar ƙwayar gero. Yanzu ya kai faɗin baki, kuma fasalin baki gare shi, a buɗe kaɗan. Da hantsi idan na kusanto da kuncina sai in ji ɗumi. Ɗakin ya ɗauki warin rigarsa ta aiki, alhali na wanke ta tun tuni.

Komai nasa ya tsaya, Yaya, wannan ne kaɗai yake girma. Da zafi ya shigo sai na ga ya fara bushewa. Na yi masa huci. Washegari ya farfaɗo. Tun daga nan ban fasa ba.

Jiya na tarar da Auta a durƙushe gaban jakar ta tara leɓe, wai tana gaida Baba. Na fizge ta har ta yi kuka.

Don Allah ki zo ki ɗauke ta kafin Juma'a. Kada ki shigo, ki tsaya a ƙofa zan miƙo miki ita. Ki taho mini da maganin tari.

Taki har kullum,
Ƙanwarki.