Hannun da Ya Wanke Gwaggo

Fagam,
6 ga Yuli, 1992.

Zuwa ga Yaya Raliya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam Ishiyaku da yara da duk mutanen Birnin Kudu. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya ji ƙan Gwaggo Talatu.

Na san ruwa ne ya tare ki har aka kai ta ba ki iso ba. Amma akwai abin da ba a gaya miki ba a zaman makoki, kuma ya tsaya mini a wuya. Yaya, ni na wanke Gwaggo, ni kaɗai. Matar da tun ba a haife mu ba ita ke yi wa matan garin nan wankan gawa, ranar da tata ta zo ga mata cike da tsakar gida, kowacce ta sunkuyar da kai. Wannan ta ce tana goyo, waccan ta ce gidansu ba su gada ba. Ga maza sun gama haƙa, ga hadari ya haɗo. Sai na ɗauki buta da ganyen magarya na shiga. Ban san komai ba, Liman ne ya tsaya a bayan zana yana gaya mini in yi mata alwala, in fara da dama. Ina zuba ruwa ina kuka, kuma wallahi na takaici ya fi na rashi yawa.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Ikilima.

Fagam,
20 ga Agusta, 1992.

Yaya Raliya,

Sallama da fatan alheri. Yaya damina, yaya jikin 'yarki Hapsatu? Allah Ya ƙara sauƙi.

Wainata ta daina ƙarewa. Kin sani tun da aka ba mu jiha motocin Dutse suka yawaita a tasha, kafin hantsi nake kife tanda. Yanzu sai baƙon direba, shi ma kafin wani ya raɗa masa cewa hannun da ya wanke gawa ne ya soya. Hajiya Sharifa, matar Alhaji Buba mai motoci, da kullum take aiko da kwano, ta ɗauke ƙafa. A bikin suna na gidan maƙwabciyata Mero na kai hannu zan taya kwasar tuwo, aka zare marar daga hannuna cikin dabara, wai in huta. In huta! Gajiya na ce musu na yi?

Babu fa wanda ya zage ni, gaisuwa ma har da ƙari. Haka suka yi wa Gwaggo shekara da shekaru, ana cewa ita ce ba ta son shiga mutane. Liman ya faɗa a masallaci cewa babu wannan ƙyama a addini, wankan lada ne. Maza suka gyaɗa kai, suka fito, suka wuce ta gaban tandata kamar ba su san ƙamshinta ba. Ki tambayi wanda ya kafa dokar, babu mai amsawa, amma kowa na bin ta fiye da farilla.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Ikilima.

Fagam,
2 ga Oktoba, 1992.

Yaya Raliya,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kowa lafiya. Mu ma lafiya, sai dai zuciya.

Mahaifiyar Alhaji Buba ta rasu ranar Litinin, kuma ba kunya ba tsoron Allah ni aka aiko wa. Na je. Amma na toge a bakin ƙofa na ce ba zan shiga ba sai da matar gidan, na nuna Hajiya Sharifa. Aka yi cirko-cirko, ta ga ba makawa, ta naɗe hannun riga ta biyo ni. Ba zan ci haƙƙinta ba, ta yi ƙoƙari. Ita ta tallafe surukarta, ita ta wanke mata kai. Na ce a raina yau za a yi ta ta ƙare, ko a ƙi hannunmu mu biyu, ko a ci namu mu biyu.

Yaya, ranar sadakar uku Hajiya da hannunta ta raba tuwo. Suka ci har da suɗe kwano, ana ta cewa Hajiya 'yar halak ce, ta kwashi lada. Ni kuwa aka kawo mini zanen marigayiya, aka ajiye a ƙasa in ɗauka, don kada hannu ya taɓa hannu. Ashe ba gawa suke ƙyama ba, talakan da ya taɓa ta ne.

Washegari na sake gwadawa, na soya, awaki suka ci. Na haƙura. Duk wadda Allah Ya yi wa rasuwa zan je in wanke ta, don ba zan bari a yi wa wata abin da aka yi wa Gwaggo ba. Ki aiko a ɗauki tandar, ki ba Hapsatu ta riƙa soyawa a can, tandar lafiyayya ce, ba ta kama ƙulli. Sai dai kada ki gaya wa kowa daga hannuna ta fito.

Allah Ya sa mu cika da imani.

Ƙanwarki,
Ikilima.