Jini a Rigar Ɗan Mahauci

Daren Laraba, unguwar Hindawiyya

Alhamdu lillahi, yau kotun ma'aikata ta ba ni gaskiya. Shekarata goma sha ɗaya a sashen gyara na asibiti, amma mudir ɗinmu, wato manaja, Alhaji Bashir, ya ɗora Usman da ya zo bayana a kan shugabanci. Wai ɗan mahauci ba zai shugabanci 'ya'yan malamai ba. Alƙali ya tambaye shi a wace takarda aka rubuta haka, sannan ya yanke hukunci. Halas, magana ta ƙare!

Daga can na wuce kasuwar Bab Makka, shagon naman Baba. Na miƙa masa hannu, ya noƙe, ya ce, "Kai, akwai jini, zan ɓata maka riga."

Na rungume shi hakanan. Har yanzu ban cire rigar ba.