Gurbin Yatsu Uku

Daren Laraba, Dutsin-Ma

Yau Malam Idi masunci ya taso tun daga Kurfi ya dawo mini da sandar fatsar da na yi masa.

"Yaya Binta, mariƙin nan ba na hannuna ba ne."

Na so in wanke shi tas. Ba ni na sa shi ya damƙi ɗanyen yumɓu a gindin gora ba, yadda mijina marigayi Sule ya koya mini? Da yumɓun ya sha iska na bi sawun yatsun na sassaƙa, na naɗe da kirgi.

Sai na juya sandar. Gurbi uku ne, ban da na babban yatsa. Idi kuwa yatsunsa cikakku ne. Mutum ɗaya na sani wanda gizago ya cire wa ƙaramin yatsa, kuma wata bakwai ke nan da aka kai shi makwancinsa. Na ɗauko yumɓun daga taga. Shi ma uku.

Jibi wan Sule, Alhaji Bala, zai zo. In ya ji an dawo da sanda, kayan aikin zai kwashe, dama cewa yake sassaƙa ba ta mace ba ce.

To Sule, ka ji. Kana raye ba ka taɓa tanka masa saboda ni ba, sai yanzu za ka sa mini hannu a aiki? Na kwaɓa sabon yumɓu, Idi ya damƙa a gabana, na ƙirga huɗu, na kulle a akwati. Makullin yana wuyana.

Sau biyu ina tashi in sake ƙirgawa, ina komawa in zauna ban buɗe akwatin ba.