Ashe Ba Asiri Aka Yi Masa Ba

Daren Laraba, Daudawa

Na kasa barci. Hafsi, ƙanwar maigida, ta dawo daga makaranta ido jajir, ko tuwo ba ta taɓa ba.

Kullum bayan la'asar takan fassara mini littafin adabin Turancinsu, ni ina tsinkar zogale. Labarin wani jarumi ne da ya ƙi jin shawarar kowa har matarsa ta tafi. Ni kuwa ya shiga raina. Na ce mata a duk littattafan da na karanta, namiji irin wannan ba ya lalacewa haka kawai, asiri aka yi masa. Har rantsuwa na yi.

Yau aka raba takardun gwaji. An tambayi abin da ya kayar da jarumin, ta rubuta asiri. Malamarsu ta karanta amsar a gaban aji, aka yi ta dariya. Ashe girman kansa ne.

"Anti, ke fa kika ce kin san maza."

Na ba ta haƙuri. Ta ce babin ƙarshe ita kaɗai za ta karanta. Ta yi daidai. Amma wallahi ina son jin ko matar ta dawo.