Yawun Iya Ya Ƙafe

Wudil, Jihar Kano.

Zuwa ga Gwaggo Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Baba Haladu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta yi kyau, kogi ya cika. Yaya Hussaina ta sauka lafiya, an samu namiji, 'yan uwa mutanen Utai sun zo wurin suna sun cinye mana tuwo sun koma.

Gwaggo, maganar Iya ce ta sa na rubuto, kuma yau ba da tsokana na zo ba. Kin san tana shan maganin ciwon suga da na hawan jini. To tun bayan salla bakinta ya soma bushewa. Lomar tuwo sai da ruwa take wucewa, in tana magana harshe ya manne, in ta yi asuwaki dasashinta ya yi jini. Ni kuwa kin san wasanmu na jika da kaka. Na ce amaryar tawa ta ƙafe, zan sake ta in auro mai yawu. Ranar sunan nan, a gaban mata, na toshe hanci na ce bakin amarya ya fi kwandon kifi. Kowa ya yi dariya, ita ma ta kai mini duka da mafici, amma tun ranar sai da mayafi a baki take magana. Har alewa nake sayo mata ranar kasuwa wai ta jiƙa baki, ashe ciwon nake ƙara mata.

Abin da ya fi cin ranta shi ne tofi. Kin san duk unguwa, in yaro ya yi zazzaɓi ko firgita wurinta ake kawo shi. Kwanaki aka miƙa mata jaririn Yaya Hussaina, ta karanta ta gama, ta zo tofawa babu ko ɗigo. Ta mayar da shi, ta ce a kai wa wani, ita an ɗauke mata albarka. Sai wata maƙwabciya ta ce mata ƙwayar hawan jini ce ke shanye yawu, Iya kuwa ta daina sha a ɓoye. Ba mu sani ba sai da jiri ya kayar da ita a bakin murhu muka kai ta asibiti.

Likitar ta ce suga in ya hau yana busar da baki, wasu magungunan hawan jinin ma haka. Ta ce yawu ne ke wanke baki, in babu shi haƙori ya ruɓe, dasashi ya kumbura, wari ya taso. Ta canza mata ƙwayar, ta ce ta riƙa kurɓar ruwa, a daina alewa, a dawo a duba haƙoran da ke girgiɗa. Ta kuma gargaɗe mu cewa barin magani yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki. Duk da haka Iya ta ƙi ko kallon sabuwar ƙwayar.

Na je wurin Malam na tambaya. Ya ce ayar ce magani, iskar baki ma ta wadatar ko babu yawu. Na taho da murna na faɗa mata. Ta dube ni ta ce tun ina rarrafe nake zolayarta, yau ne za ta yarda da ni? Na rantse, ta ce rantsuwar ma cikin wasan take. Malam ya ce zai zo da kansa, ta ce kada in kuskura in tona mata asiri a gaban malami. Gwaggo, ban taɓa jin haushin bakina kamar ranar ba.

Ke ce autarta, ke take ji. Don Allah ki kira ta cikin makon nan ki lallashe ta ta sha maganin, ki faɗa mata maganar tofin kamar a can kika jiyo ta. Kada ki ce ni na gaya miki, domin da ta ji sunana a ciki maganar ta lalace.

Ki gaida Baba Haladu, da Bilya, da Zahra'u. Baba da Umma suna gaishe ki. Allah ya ba Iya lafiya, ya sada mu da alheri.

Ɗanki,
Tasi'u