Wanda ya riƙe sifana

Litinin, 6 ga Oktoba 2025, Sokode

Alhaji Jumare mai shanu ya kawo a-kori-kurarsa da safe, bel ɗin injin yana ta kuka tun daga kwanar masallaci. Ya ce a hanyar Kparatao ya tsaya wurin wani yaro, yaron ya nemi kwance kusoshin dinamo. Na yi dariya har da tari. Waccan dabarar ta tsofaffin Fijo ce. Motocin yanzu suna da tander, 'yar tayar nan mai sifirin da ke matse bel da kanta. Ka ɗora doguwar sifana a kan kusarta, ka ja da dama har bel ya yi sako-sako, ka zare shi da hagu ta kan fuli mai santsi, cikin tayoyin da bel ke bi, sannan ka saki sifana a hankali. A hankali fa. In ta kuɓuce, sifirin ya dawo da ƙarfinsa, yatsun da ke ciki sai dai Allah.

Shi ya sa tun da na buɗe garejin nan ban taɓa bai wa kowa riƙon sifana yatsuna na ciki ba. Hannuna na dama ke tsaron na hagu. Kafin shayin Alhaji ya huce na gama. Ya ce, "Bukari, hannunka daban ne." Na sani, amma da daɗin ji.

Kafaɗata ta dama ta ɗan yi tsami. Sanyin ƙarshen damina ne.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Matata Azara ta tare ni da labari tun ban cire takalmi ba. Za a yaye Umaima daga koyon aikin gareji ranar sha takwas a Dapaong, bikin da suke ce wa liberasiyo. 'Yata, bakanikiya! Lokacin da ta ce in koya mata na ce gareji ba wurin 'ya mace ba ne. Ta tattara ta tafi gidan ƙanwata Memounatou, ta shiga hannun wani mai gareji, Patron Awudu. Taurin kai. Uwarta ta ce ba daga nesa ta ɗauko shi ba.

Na ce zan duba in aiki ya bar ni. Azara ta ce, "Baban Umaima, an riga an kai shaddarka guga."

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ɗaga hannu wajen kabbara ma yau sai da na cije.

Talata, 14 ga Oktoba

Motar wani malamin makaranta. Bel ya tsattsage. Na ja sifana kamar kullum, hagu na ciki, sai kafaɗa ta ɗauke kamar an kashe lantarki. Sifana ta fizge ta bugi bonet, tander ya koma da ƙara. Na zare hannu da ƙyar. Farcen ɗan yatsa ya yi baƙi, shi ke nan abin da na biya.

Malamin yana can yana waya, bai gani ba. Na ce masa irin bel ɗinsa ya ƙare, ya dawo jibi. Bel ɗin kuwa yana rataye a bayana.

Na ji tsoro, a nan dai zan iya faɗa. Yaran da na koya wa aiki duk sun sayi babur sun shiga zem, wato acaɓa. Ni kaɗai ne. In unguwarmu ta Zongo ta ji cewa hannun Bukari ya mutu, kafin Juma'a labari ya kai tasha, garejin nan kuwa ya zama wurin shanya barkonon Azara.

Asabar, 18 ga Oktoba, Dapaong

Hanya ta gajiyar da ni. Direban motar hayar da muka shiga yana taka burki a gangaren Defale kamar yana jin haushin motar, na yi shiru don Azara ta ce kada in fara.

An kafa rumfa a gaban garejin, kujerun roba, shinkafa da zabi. Garejin ba laifi, ko da yake kayan aikinsu a zube suke. Patron Awudu gajere ne mai son magana. Al'adarsa, kafin ya sa wa yaro albarka sai yaron ya yi aiki ɗaya a gaban jama'a. Aka turo Toyota. Aikin Umaima: cire bel ta sa sabo.

Ta fito cikin shuɗiyar rigar aiki, kallabi ɗaure tamau. Kafin ta taɓa komai ta ɗauki hoton yadda bel ya zagaya da wayarta. Ni a kaina nake ajiye wannan, amma ban ce ba dabara ba ce.

Sai Patron ya ɗaga murya cikin Hausarsa ta nan: "Babansa na nan, babban patron na Sokode! Shi zai riƙe kile, yarinya ya cire kaya." Jama'a suka yi tafi. Aka miƙo mini sifana.

Na tsaya da ita a hannu. Na kalli yatsun Umaima. Har yanzu akwai ragowar lalle a farcenta. In na riƙe kafaɗar nan ta ɗauke, yatsun da za su shiga tsakanin bel da fuli ba nawa ba ne.

Na ce, "Ke riƙe. Ni zan cire."

Ta dube ni. Ta dubi baƙin farcena. Ta ce, "To, Baba."

Ta gyara tsayuwa, ta ja. Bel ya saki. Na sa hannuna ciki har wuyan hannu, na kuwa ɗauki lokacina da gangan don in gani. Sifanar ko rawa ba ta yi ba. Da na ce saki, ta saki sannu-sannu, tander ya koma wurinsa ko ƙis ba a ji ba. Sabon kuma ita ta zagaya shi da kanta, ta bi kowane fuli da yatsa ta tabbata ya zauna a layinsa.

Mutane sun ɗauka girmama ta na yi. Patron har ya yi jawabi a kai. Na bar su a haka. Memounatou ta yi ta guɗa. Ni hayaƙin gashin zabi ne ya shiga mini ido.

Ba a taɓa riƙe mini sifana ba. Wadda ta fara kuma 'yar cikina ce, ta riƙe yadda ni zan riƙe. Ko ma... yadda ni zan riƙe dai.

Lahadi, 19 ga Oktoba

A tasha, da uwarta ta tafi sayen albasa, Umaima ta danƙa mini wata ƙusa mai kauri, ta lanƙwasa kanta. Ta ce, "Baba, yawancin tander suna da ɗan rami. Ka ja da hagu, ka soka wannan da dama, zai tsaya da kansa. Ba sai wani ya riƙe maka ba. Ba sai kowa ya sani ba."

Na ce na san da ramin tun ba a haife ta ba, ban dai taɓa buƙatarsa ba. Ta ce ta sani.

Patron yana so ta zauna ta yi masa aiki. Za ta zo gida hutun sati ɗaya tukuna.

Laraba, 22 ga Oktoba, Sokode

Ƙusar tana aiki. Na gama motar malamin ni kaɗai, na ba shi haƙurin jinkiri. Garejin Bukari na nan daram.

Litinin, 27 ga Oktoba

Umaima ta zo tun Juma'a. Hutu ta zo yi, na faɗa wa Azara kada a dame ta.

Yau direban Alhaji Jumare ya kawo ɗaya motar, bel ya bushe. Na leƙa gida na ce a turo mini ita ta ɗan riƙe sifana, tunda zaune take. Ta zo da rigar aikinta, ashe a goge take a rataye. Ta tambaye ni ina ƙusar. Na ce ban san inda na jefa ta ba.

Na share mata gefen bango na dama ta rataye kayanta, don a zube suke tare mini hanya. Na kuma ce wa direban ya dawo bayan sati biyu a duba masa burki, zai same mu.

Ƙusar ta huda mini aljihu. Sai in nema mata wani wuri kafin Azara ta yi wanki.